Miliyan Goma a Hannu: Fili a Bayan Gari Ko Ɗakunan Haya a Cikin Sakkwato?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ga tambaya, na san akwai masu irinta da yawa a nan. Mutum ya tara kamar naira miliyan 10 zuwa 12, yana son ya shiga harkar gidajen haya a Sakkwato, bai taɓa yi ba. Ya sayi filaye biyu ko uku a bayan gari ya ajiye su yi daraja, ko ya sayi ɗaya a inda jama'a suke ya fara gina ɗakuna da kaɗan-kaɗan? In kuma ya gina, yaya ake riƙon 'yan haya ba tare da an kai gaban alƙali ba?

Akanta:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin a yi maganar unguwa, a ɗauko biro. Alƙaluman da zan sa misali ne kawai, kowa ya cire su ya sa farashin da ya samu yau.

Mu ƙaddara fili ya ci miliyan 4. Ɗakuna huɗu masu bayi da kicin a ciki, da katanga da get da ramin bayi da tanki, sun ci miliyan 16. Jimla miliyan 20. Kowane ɗaki ana biyan 300,000 a shekara, huɗun miliyan 1.2 ke nan, wato kashi 6 cikin 100 na abin da aka zuba. To ba duka ne naka ba. Cire 120,000 na wanda ke kula maka da gidan. Cire 150,000 na gyara: fenti, famfo, makulli, kwashe rami. Ɗaki ɗaya ya zauna wata huɗu ba kowa, 100,000 ta tafi. Saura 830,000. Raba miliyan 20 da wannan, za ka ga sai bayan shekara 24 uwar kuɗi za ta dawo, in haya ta tsaya inda take. A Disambar 2024 hauhawar farashi a ƙasar nan ta kai kashi 34.8. Ka kwatanta da kashi 4 da ɗan wani abu da hayar ke kawowa a shekara.

Ban ce kada a gina ba. Amma a san haya nono ce, fili shi ne saniyar. Wanda ya gina don ya riƙa shan nono yana kiwon saniya, ya yi daidai. Wanda ya ci bashi ya gina da tunanin haya za ta biya bashin, ya jawo wa kansa.

Dillalin Kofar Atiku:
Akanta ya gama magana. Yaro, sayi hili. Hili ba ya yoyo, ba ya kiranka da tsakad dare wai famfo ya hwashe. Duba inda gari ka tahiya: hanyar Birnin Kebbi inda anka yi jami'ar jiha, wajen Kalambaina inda kamfanin siminti yake, Dambuwa da Kwannawa ta hanyar Gusau, da Bado da More. Wuraren ga duk gonaki ne da, yanzu dubi yadda sunka cika. Kuɗɗinka su saya maka hili ukku, bayan shekara biyar ka saida biyu ka gina na ukkun.

Safiyo:
Baba, fili ba ya yoyo amma yana tafiya. Filin da aka bari a buɗe, ba katanga ba dutsen iyaka, abu uku ke samunsa: maƙwabci ya ci ƙafa biyar ta gefe, ko wanda ya sayar ya sake sayar wa wani, ko a wayi gari ashe yana cikin shatar gwamnati. Ga yadda ake bi kafin a ba da ko sisi.

Na farko, a san wane irin fili ne. Akwai wanda gwamnati ta yanka ta raba, yana da lambar shata da lambar fuloti da takardar ba da fili. Akwai kuma awon igiya, wato gona ce mai ita ya yayyanka da kansa. Awon igiya ya fi araha, amma shi ne ake samun layi mai faɗin ƙafa goma wanda tifa ba ta iya shiga, kuma shi ne hanya ko magudanar ruwa ke biyowa ta kansa daga baya.

Na biyu, a kai safiyo ya ɗauki ma'aunin kusurwa huɗu da na'ura, a je ma'aikatar ƙasa a ɗora kan taswira. Nan ake ganin ko wurin an ware shi don makaranta ko maƙabarta ko hanya, ko gwamnati ta riga ta biya diyyarsa. In an ce ƙafa 50 da 100 ne, a ja tef a gaban mai saye. Sau da yawa 45 da 90 ake tararwa.

Na uku, a ɗaga kai sama. Babbar wayar wuta mai 132kV tana da haƙƙin mita 15 ta kowane gefe, mai 330kV mita 25. Abin da aka gina a ciki rusasshe ne, ko yau ko gobe.

Na huɗu, kada a sayi fili da rani ba a tambayi damina ba. A je wurin cikin Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. A dubi katangar maƙwabta: in akwai wani layi mai duhu kamar taku ɗaya ko biyu daga ƙasa, filasta ta kumbura tana zuba, ga buhunan yashi jere a bakin ƙofa, to ruwa yana kwana a nan. Mutanen wasu sassan Mabera sun san wannan labarin, haka na bakin fadama. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'a ta wajen Kwalkwalawa ba sai an yi masu bayani ba.

Barista:
In ɗora kan na Safiyo. A ƙarƙashin dokar mallakar ƙasa ta 1978, duk ƙasar jiha tana hannun gwamna bisa amana. Abin da kake saye haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sashe na 22 ya ce wanda ke da takardar mallaka ta gwamna ba ya mayar da ita ga wani sai da amincewar gwamna. Ma'ana, ko mai sayarwa ya miƙa maka takardarsa ta asali, muddin ba a yi takardar mayar da haƙƙi an yi mata rajista ba, sunansa ne a fayil, ba naka ba. Mutane da yawa suna riƙe da takarda mai sunan mutum na uku ko na huɗu a baya. Ranar da banki ko kotu ta nema ake gane matsalar.

Takardar mai unguwa ko ta uban ƙasa tana da amfani, shaida ce cewa an yi ciniki a gaban mutane kuma an san mai wurin. Amma ba ta hana gwamnati karɓe wurin, kuma ba ta gogayya da takardar da aka yi wa rajista.

Kuɗi kuma a tura ta banki, zuwa asusun wanda sunansa ke kan takarda, ba na dillali ba, ba na ɗansa ba. A rubuta abin da aka biya dominsa a wajen bayanin turawa.

Dillalin Kofar Atiku:
Barista, mu dillalai kun maishe mu ɓarayi ke nan.

Barista:
Haba Baba, ranka shi daɗe. La'adarka tana nan daram, a hannu za a ba ka. Kuɗin fili ne dai ba a son ya kwana a aljihun wani.

Malamin Kanwuri:
Akwai abin da ya fi kowane yawa a cikin tsohon gari, shi ne gidan gado. Za ka ga tsohon gida a wuri mai kyau, kusa da kasuwa, an yi masa farashi mai sauƙi, ashe magaji ɗaya ne ke sayarwa alhali ba a raba ba. Kada a saya sai an ga takardar rabon gado daga kotun shari'a, ko dukkan magada sun sa hannu, mata da maza, da waliyyin marayu ƙanana. Ta wadda ke aure a Gusau ko Yamai ma sai an nemo yardarta. Sannan a mazhabar Malikiyya akwai shufu'a: idan abokin tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar wa bare da kasonsa, sauran suna da haƙƙin su biya kuɗin da aka saya su karɓe. Sai mutum ya zuba siminti, a zo a mayar masa da kuɗinsa da darajarsu ta riga ta zube.

Ɗan Mabera:
Allah shi gafarta Malam, wannan ban taɓa ji ba. To Injiniya, in mutum ya zaɓi gini, miliyan 12 ba ta kai lissafin Akanta ba. Yaya za a yi?

Injiniya:
A gina a matakai, amma a zana gaba ɗaya tun ranar farko. Fili mai 50 da 100 yana ɗaukar ɗakuna shida masu bayi da kicin, uku suna kallon uku da tsakar gida a tsakiya, ko ciki da falo huɗu. A yi zanen duka, a kai hukumar tsara birane a samu izini, sannan a gina biyu ko uku a gama su tsaf har mutum ya shiga. Kuskuren da ya cika gari shi ne a ɗaga ɗakuna shida zuwa linta kuɗi su ƙare. Bulo yana shan rana da ruwa shekara uku, akuyoyin unguwa sun samu makwanci, ba a karɓi ko kwabo ba.

Katanga kanta kuɗi ce. Kewayen filin ƙafa 300 ne, bulo ɗaya inci 18, kowane layi bulo 200 ke nan. Layi goma ko sha ɗaya, bulo 2,000 zuwa 2,200, ban da na cikin ƙasa. Saboda haka a tsara yadda bangon bayan ɗakuna zai zama katanga, kada ya ci kuɗi sau biyu, kuma a fara katange gefen da aka gina.

Inda ba a yin rowa guda huɗu ne.

Bulo. Buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya fitar da fiye da bulo 30 zuwa 35 na inci 9 ba. Na kasuwa akwai mai kai 50. Gwaji mai sauƙi: ka ɗaga shi daidai ƙirji ka sake shi a kan ƙasa mai tauri, ko ka murza gefensa da babban yatsa. In ya dagargaje ko yashi na zuba, bar shi. Wanda zai buga nasa, ya ba shi ruwa safe da yamma kwana bakwai. A zafin Afrilu da Mayu da ake wuce digiri 40, simintin da ba a jiƙa ba ƙonewa yake yi, ba bushewa ba. Kankare kuma buhu ɗaya, yashi kwanon sarki huɗu, tsakuwa takwas, a zuba da sassafe ko da la'asar.

Tsayin daɓe. A ɗaga shi aƙalla bulo uku sama da layin da ke ƙofar gida. Yau layin ƙasa ne, gobe in aka zo yin kwalta da kwalbati sai an yi ciko, hanya ta hau, gidanka ya koma rami. A shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba daɓe, ita ke hana danshi hawa bango.

Rufi. Iskar farkon damina ita ke kwashe kwano a garin nan. A binne rodi ko ƙarfen ɗauri a cikin kankaren saman bango, a naɗe katakon da shi, kada a dogara da ƙusa kaɗai. A shafe katako da maganin gara ko baƙin mai kafin a ɗora. Kwanon alminiyom kada kaurinsa ya gaza milimita 0.45. In an yi wa rufin rawani, wato bango ya ɗara kwano tsayi ya kewaye shi, ya fi tsira daga iska, amma fa a kula da mahaɗar kwano da bango, nan yake yoyo, kuma indararo ya zama mai faɗi. Silin ya kai ƙafa goma daga ƙasa, taga biyu a bango daban-daban. Ɗakin da ba ya shan iska a Sakkwato, ɗan haya shekara ɗaya zai yi ya gudu.

Bayi. Bututun inci 4, gangare kamar inci ɗaya a kowace ƙafa huɗu. In ya kwanta da yawa ya toshe, in ya yi tsaye da yawa ruwa ya gudu ya bar kaya. A yi ƙaramin akwatin dubawa a duk inda bututu ya karya kwana. Ramin tara ƙazanta daban, ramin tsotse ruwa daban, a haƙa su daidai da ɗakuna shida tun yanzu, a wurin da motar kwasa za ta iya kai tiyo, kuma nesa da rijiya ko burtsatse da aƙalla mita 15. Duk bututun bayi su bi ta bangon waje, don in ya fashe ba sai an fasa tayil ɗin ɗaki ba.

Hajiya Mai Gidaje:
Sannu Injiniya. Ni abin da zan ce wa ɗana shi ne, kafin a zana ɗaki a san wa zai shiga. Gawon Nama da kewayen asibitin koyarwa, likitoci masu neman ƙwarewa da ma'aikatan jinya ne, suna son ɗaki ko ciki da falo mai tsabta, da wurin ajiye mota, suna biya a kan kari amma ana yi masu canjin wuri. Farfaru da hanyar Birnin Kebbi ɗalibai ne da malamai. Ɗalibi yana biya gaba ɗaya don iyaye ke turowa, amma ɗakin mutum biyu sai ka tarar da biyar, kuma a 2022 yajin aikin malaman jami'a ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mai gidan ɗalibai ya sa irin wannan a lissafi. Arkilla da Guiwa da Runjin Sambo masu iyali ne, su kan daɗe, amma suna son sirri: ƙofa daban, wurin shanya, wurin girki da gawayi. Kada a haɗa gwauraye da matan aure a tsakar gida ɗaya, rigimar ba ta ƙarewa.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, nisa ya zama kuɗi. Ɗaki mai araha a ƙarshen gari, in ma'aikaci ya haɗa da kuɗin kabu-kabu na wata, ya fi na cikin gari tsada. Wannan ya sa ban goyi bayan Baba ɗari bisa ɗari ba.

Sai ruwa. Abin da ɗan haya ke fara tambaya ke nan kafin ya dubi fenti. Ɗakuna shida, mutum uku-uku, kowa lita 50, lita 900 ke nan a yini, jarka 36 mai lita 25. A lissafa kuɗinsu wurin 'yan garuwa a wata, za a gane me ya sa gida mai ruwa ba ya zama ba kowa. Tanki mai lita 2,000 a sama, da burtsatse mai injin da ke aiki da hasken rana in da hali.

Akanta:
Hajiya, burtsatse a kan ɗakuna uku bai biyan kansa. Haƙa, bututu, injin, faifan sola, ƙarfen ɗora tanki, zai iya cinye kuɗin ɗaki guda.

Hajiya Mai Gidaje:
Gaskiya ne a matakin farko. A fara da tankin ƙasa da na sama, a haɗa da na gwamnati in layin yana kawowa, ko a yi yarjejeniya da maƙwabci mai burtsatse a ja tiyo ana biyansa a wata. Amma a bar wurin haƙa a cikin zane. In ɗakuna sun kai shida, a haƙa. Kuma kuɗin ruwa a raba shi da kuɗin haya, a karɓa daban, a ajiye don ranar da injin zai ƙone, domin zai ƙone. Abin da ya fi ƙona shi, a kunna a manta ruwa ya janye yana ta juyawa a bushe. A sa masa na'urar da ke kashe shi da kanta, kuma mutum ɗaya ne zai riƙe makullin.

Wuta kuma kowane ɗaki da mitarsa ta kati. In ba a samu daga kamfanin rarraba wuta na Kaduna Electric ba tukuna, a sa ƙananan mitoci a bayan babbar, a riƙa karantawa ranar ɗaya ga wata a gaban kowa. Mita ɗaya ga gida duka ita ce uwar faɗa: wannan na da firji da hita, wancan ƙwai ɗaya da fanka, a ce su biya daidai. Kuma asusun da sunan mai gida yake, in ɗan haya ya tara bashi ya tashi, ko ya yi satar wuta aka kama, ƙofar mai gida za a buga.

Ɗan Mabera:
Inna, ya batun zaɓen ɗan haya? Da yawa dangi ne ke fara zuwa.

Hajiya Mai Gidaje:
Dangi in za ka taimaka, ka ba shi kuɗi ya kama a wani wuri. Ya fi maka sauƙi, zumunci ya fi daɗewa. Wanda ba ka iya kai wa takardar tashi, kada ka ba shi makulli.

Bare kuma a karɓi hoton katin shaidarsa, a san inda yake aiki ko rumfarsa a kasuwa, a samu mutum ɗaya sananne da zai tsaya masa ya sa hannu. A tambayi gidan da ya baro, ba mai gidan kaɗai ba, har mai shagon ƙofar gidan. A kai shi wurin mai unguwa ya san da shi. Yanzu da rashin tsaro ya koro mutane da yawa daga gabashin jiha, yawancinsu bayin Allah ne masu neman mafaka, bai kamata a wulaƙanta su ko a tsawwala masu ba, amma sanin wanda ke cikin gidanka wajibi ne a kan kowa.

Ranar shiga a zagaya tare: taga nawa, gilashi nawa, fanka, kan famfo, makulli guda nawa. A ɗauki hoto, a rubuta, kowa ya sa hannu. A karɓi kuɗin ajiya na ɓarna, a mayar masa ranar fita in bai ɓata komai ba. A mayar da gaske fa, masu gida da yawa suna cinyewa, shi ya sa 'yan haya ke ƙin biyan watannin ƙarshe.

Barista:
Yarjejeniya shafi biyu ta isa, da Hausa ma in an so, muddin akwai waɗannan: sunaye, wane ɗaki, ranar farawa da ranar ƙarewa, nawa ne, mutum nawa za su zauna, an hana ba wani haya a kan haya, wa ke gyaran me, da tsawon sanarwar ƙarin kuɗi da ta tashi. Abin da aka saba, rufi da bango da rami da babbar waya na mai gida ne, ƙwai da kan famfo da gilashin da ya fashe na ɗan haya. Shaidu biyu. A kai ofishin haraji na jiha a buga mata hatimi.

Muhimmancin rubuta ranar ƙarewa shi ne wannan. In ba a rubuta komai ba, doka ce ke yanke wa'adi: mai biyan mako kwana bakwai, mai biyan wata wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku wata uku, mai biyan shekara wata shida. Bayan wa'adin ya cika a sake ba shi ta kwana bakwai, cewa mai gida zai je kotu ya karɓi wurinsa. Sannan a shigar da ƙara. Amma in an rubuta shekara ɗaya ce daga rana kaza zuwa rana kaza, da ta cika hayar ta mutu da kanta, ta kwana bakwai kaɗai ta rage. Sai dai a kula, in ka karɓi kuɗin sabuwar shekara ko wani ɓangare nasa ba tare da sabuwar takarda ba, ka buɗe masa ƙofar cewa shi ɗan hayar shekara-shekara ne, ka koma wata shida.

Abin da ba a yi ko kusa: cire ƙofa, kwaye kwano, yanke wuta da ruwa, fitar da kaya waje, ko kawo 'yan sanda su tsorata shi. Bashin haya ba laifin da 'yan sanda ke kamawa ba ne. Mai gida da ya yi haka, shi mai bin bashi sai ya koma mai biyan diyya.

Dillalin Kofar Atiku:
Kotu tana cin lokaci, Barista. Abin da munka saba, a kira wanda yat tsaya mai, a zauna gaban mai unguwa ko liman. A ce an yahe maka wata biyu, ka tashi ran kaza. Mafi yawa nan ta ka ƙarewa.

Barista:
Na yarda Baba, sulhu ya fi araha, yafe wata biyu bai kai kuɗin lauya ba. Amma a ba da takardar sanarwa a rana ɗaya da fara sulhun, don in ya rushe lokaci bai tafi a banza ba. Abin da aka cimma a zauren mai unguwa kuma a rubuta shi.

Akanta:
Akwai wanda ya tambaye ni ta gefe kan biyan shekara ko na wata. Na shekara ya fi ga mai gida, amma yana da tarko biyu. Kuɗin na zuwa a dunƙule, a kashe su a biki ko Sallah, in rufi ya tashi a Yuni babu na gyara. Kuma ɗan albashi yana iya haɗa na shekarar farko da rance, ta biyu ya kasa. Ga ma'aikaci, biyan wata uku-uku ta banki washegarin albashi ya fi tabbas. Ko wanne aka zaɓa, gidan ya samu asusunsa daban, kashi 15 na duk abin da ya shigo kada a taɓa. A fara tuna wa ɗan haya saura wata uku, ba saura kwana uku ba.

Ƙarin kuɗi kuma gara kaɗan-kaɗan a kai a kai da a yi shiru shekara huɗu a ninka rana ɗaya. Ɗan haya nagari da ya tashi saboda ƙarin 50,000, ɗakin ya zauna wata uku ga fenti, ka yi asarar fiye da abin da ka nema.

A riƙa ba da rasit. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba ɗan haya damar cire kashi 20 na hayar da ya biya a shekara daga kuɗin shigarsa da ake yi wa haraji, iyakarsa naira 500,000, saboda haka ma'aikata za su riƙa neman shaidar biya. In kuma kamfani ko ma'aikata ce ta kama gidan, za ta cire kashi 10 na haraji tun daga tushe. A karɓi takardar shaidar cirewar, kada a ɗauka an ci ka ne.

Malamin Kanwuri:
Tunda an zo kan kuɗi. Gidan da aka gina don haya babu zakka a kan ginin kansa. Zakka tana kan kuɗin hayar, in sun kai nisabi, wato kimar dinari 20, kamar giram 85 na zinariya, kuma shekara ta zagayo suna hannu, a fitar da kashi biyu da rabi cikin 100. Filin da aka saya da niyyar sayarwa kuwa kayan kasuwa ne. Mai ajiyewa yana jiran farashi, a wurin Malikawa, yana fitar da ta shekara ɗaya ranar da ya sayar, ko da ya shekara biyar a hannunsa. Wanda sana'arsa ce saye da sayarwa kullum, shi yana yi masu kima duk shekara.

Sai jinginar gida da ake yi, a ba mai gida rance a shiga gidansa a zauna kyauta, ko a zuba 'yan haya ana karɓa, har ya dawo da kuɗin cif. Wannan rance ne da ya jawo amfani, a nisance shi. Mai neman jari ya nemi abokin tarayya a rubuta kason kowa, ko ya tuntuɓi bankunan da ba su ta'ammali da ruwa, irin Jaiz da TAJ, ya karanta sharuɗɗan da kyau.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai. Tambaya ta ƙarshe, in filin yana bakin layi, a fitar da shago ko a bar shi ɗaki?

Injiniya:
In layin na da masu wucewa, shago biyu masu ƙafa 10 da 12 a gaba su ne ma ya kamata a fara da su. Ba bayi a ciki, ba kicin, ba tayil dole, bangonsu na baya ya zama katangar gida, kuɗin ginin bai kai na ɗaki ba. A sa su cikin zanen da za a kai neman izini, a ja da baya daga bakin hanya yadda hukuma ta ce, in ba haka ba jan fenti zai hau bango. Ƙofar ƙarfe, mita daban, kuma kada a yi ƙofar da ta haɗa shago da cikin gida.

Hajiya Mai Gidaje:
A kuma rubuta sana'ar da za a yi a ciki. Mai kayan masarufi, tela, mai kemis, duk lafiya. Injin niƙa yana tsattsaga bango da daɓe, mai walda yana jan wutar gida duka, mai sayar da fetur a jarka ko gas haɗari ne ga masu kwana a baya, gidan kallon ƙwallo kuma zai kori masu iyali cikin wata biyu.

Barista:
In mai shago ya ce zai yi gyara da kuɗinsa, ya sa silin ko rumfa ko tayil, a rubuta tun kafin ya fara: nawa zai kashe, za a cire daga haya ko ba za a cire ba, kuma in ya tashi abin na wa ne. Hayar shago kada ta wuce shekara uku a takarda ɗaya. Da ta haura haka ta shiga sahun waɗanda sai an yi masu rajista, gara a yi ta shekara biyu ana sabuntawa.